Anti Ƙal-ƙal da Bututun Ɗigo

A makarantar da take koyarwa Malama ake ce mata, a gida Mama, amma a jami'a tun makon farko ɗalibai suka laƙaba mata Anti Ƙal-ƙal, sunan kuwa ya bi ta. Farar rigarta ta ɗakin gwaji ce ta jawo. Rigunan sauran 'yan aji kowacce da tarihinta: wata asid ya huda ta, wata ta sha tawada, wata an mayar da ita matashin kai a laburare. Tata kuwa kullum a goge take, da karin guga a hannu, sai ka ce yanzu aka ciro ta daga leda.

Ta haura shekara arba'in, 'ya'yanta huɗu. Ta daɗe tana koyar da kimiyya a sakandare da ƙaramar takardar koyarwa, koyarwa irin ta allo da alli. Makarantar tana da ɗakin gwaji, amma karyayyun kujeru ake tarawa a ciki. Kwalaben awo da bututun gilashi ta zana su a allo ba adadi, ba ta taɓa riƙe ko ɗaya ba. Ana nan sai hukumar makarantar ta ce daga yanzu ba mai koyar da manyan azuzuwa sai mai digiri. Aka ba ta hutun karatu mai wa'adi. Idan ta dawo da takarda, ajinta na nan yana jiranta. Idan ta dawo hannu rabbana, a mayar da ita ƙasa ta koya wa sababbin shiga sunayen sassan fure, a miƙa ajinta ga wani.

Darussan takarda ba su ba ta wuya ba, don ta fi yaran iya zama da littafi. Darasi ɗaya ne ya tsaya mata a wuya, na gwaje-gwajen halayen ruwa da tsami. Bara ta faɗi. Bana tana maimaitawa, kuma da ƙarewar wannan zangon wa'adin hutunta zai cika. Ba zagaye na uku.

Wanda yake son sanin halinta sai ya je gidanta. A bakin ƙofa akwai bokiti da sabulu da buroshi, na maigidanta ne, bakaniken manyan motoci wanda take kira Injiniya idan tana son tsokanarsa. Ba ya shiga sai ya wanke hannu ta duba, sau da yawa ta mayar da shi. Kujerarsa ta falo an shimfiɗa mata zane na musamman. Yara kuwa idan sun yi wanke-wanke sai su jeru suna miƙa mata faranti ɗaya bayan ɗaya, kamar direbobi a shingen hanya, ita kuma ta kai hanci.

"Wannan ruwa kawai ya gani, bai ga sabulu ba. Koma."

"Mama, wallahi na sa."

"To ina ƙamshin? Abin da aka wanke ai shi yake faɗa da kansa."

Injiniya yakan ce in dai hanci ne ake gwadawa a jami'ar nan, da tuni an ba matarsa kujerar farfesa.

Ɗakin gwajin dogo ne, da tebura masu baƙin sama, kowanne da famfo mai dogon wuya da ƙaramin kwatami. A ƙarshensa akwai wata taga, bayanta Baba Mai Kwalabe yake zaune, dattijon da ke ba da kayan gilashi ya kuma karɓa. Shi yake wanke su da nasa sinadarin, ya ɗauraye da tataccen ruwa, ya busar a tanda. Sukan fito ba ƙamshi ba wari, wani lokaci da ɗan dishi-dishi a bayansu, ko ragowar lambar da wani ɗalibi ya rubuta.

Anti Ƙal-ƙal ta dubi kayan nan tun ranar farko ba su yi mata ba, sai dai ba ta son ta kunyata dattijo. Amma ta yanke shawara. Kullum ita ce farkon zuwa. Ta karɓi kayanta, ta wuce kwatamin lungu, ta ciro wata 'yar kwalba marar rubutu daga jakarta. Sabulun ruwa ne mai ƙamshin lemo, wanda take amfani da shi a gida. Ta wanke komai, ta tsotsi kumfa cikin siraran bututun da 'yar robar tsotsa, ta ɗauraye sama-sama yadda ƙamshin ba zai gudu ba, ta goge da tawul ɗinta. Baba yakan hango bayanta daga taga ya yi zaton ɗauraya take yi, har yana nuna ta ga yara a matsayin abin koyi.

Abokiyar aikinta a tebur wata yarinya ce sa'ar babbar 'yarta, ana ce mata Gobe, don duk abin da aka tambaye ta amsarta ke nan. Rahoton gwaji? Gobe. Wankin riga? Gobe. Ba ta taɓa zuwa kafin a fara ba, saboda haka kullum sai ta tarar da kaya a jere suna sheƙi.

"Anti, Allah ya bar mana ke. Teburinmu kaɗai ne yake ƙamshi a ɗakin nan."

"Ke dai ɗaure gashin nan ki sa tabarau. Rigar nan taki kuma, in na kai ta gida ba za ta gane kanta ba."

"Gobe zan kawo miki."

Gwaje-gwajen manya guda uku ne. Na farko awon kaurin ruwa: a zuba shi a wani lanƙwasasshen bututu, a danna agogo, a ga tsawon lokacin da zai ɗauka ya gangaro daga zane zuwa zane. Wannan bai taɓa ba ta matsala ba, amsarta takan fito daidai da ta kowa.

Na biyu shi ne bututun ɗigo. Dakta, malamin darasin, wani matashi mai sanyin murya wanda da ƙyar zai kai ƙaninta, ya yi musu bayani ranar farko.

"Ruwa yana da fata," in ji shi. "Ba a ganinta, amma ita ce ƙwaro yake takawa ya tsaya a kan kududdufi bai nitse ba. Ita ce kuma take riƙe ɗigo a bakin bututu har ya yi nauyi ya faɗo. In fatar na da ƙarfi, ɗigon zai yi girma, sai ku ƙirga kaɗan. In ba ta da ƙarfi, ɗigon zai yi ƙanana, sai ku ƙirga da yawa."

Da bututun da ake ba su, tataccen ruwa yakan ba kowa ɗigo kusan arba'in. Anti Ƙal-ƙal takan sami sittin, wani lokaci har da ɗoriya.

Na uku awon tsami. Akwai 'yar na'ura mai sanda, a tsoma sandar a kofin gilashi, lamba ta fito. Bakwai ce tsakiya, ƙasa da ita ɓangaren tsami, sama da ita ɗaya ɓangaren. Tataccen ruwa bai kamata ya wuce bakwai ba. A kofinta sai lambar ta yi ta hawa kamar mai hawan bene, ta je tara ta zauna. Duk lissafin da ta ɗora a kai kuwa sai ya karkace.

An canza mata na'ura. An canza mata bututu. An mayar da ita wani tebur, ko iskar taga ce. Dakta yakan zo ya tsaya a gefenta, hannu a baya, yana jin nauyin gyara wa sa'ar yayarsa.

"Malama, a yi haƙuri, da wane ruwa aka yi wannan?"

"Da wanda kowa ya ɗiba, Dakta."

"A sake ƙirgawa, ko ido ya zarce."

"Dakta, na yi shekaru ina ƙirga yara a layi suna motsi. Ɗigo ba zai ɓace min ba."

Ya sa ta ƙirga a gabansa, ya ƙirga tare da ita, sittin da biyu. Ya cire tabarau ya goge ya mayar. 'Yan aji suka ce ruwan ne yake jin tsoronta, shi ya sa yake ƙanƙancewa. Gobe ta ce wataƙila ruwa ma ya san malamar makaranta in ya gani. Anti ta yi dariya tare da su, amma da ta koma gida ranar ta daɗe zaune a kicin ba ta kunna wuta ba. Makin zango yana ta zubewa, jarrabawar ƙarshe tana matsowa. Har ta fara tunanin yadda za ta wuce ta gaban tsohon ajinta kowace safiya, wani yana ciki yana riƙe da allinta.

Injiniya ya leƙo, hannuwansa a sama kamar likitan tiyata, don ta ga ya wanke.

"Malama, yau ma ruwan ya ƙi?"

"Ya ƙi."

"To ni a wurinmu, in mota ta ƙi kowane direba, motar ce. In direba ɗaya take ƙi..."

"Ƙarasa mana, Injiniya."

"A'a, ni ban ce komai ba. Gobe da safe ni zan kai ki, ki huta da motar haya."

Wannan alheri nasa shi ya jawo komai. Motar Injiniya, kamar motar kowane bakanike, ita ce ta ƙarshe a layin gyara. A tsakiyar shataletale ta yi tari biyu ta mutu. Ana ta hon a bayansu, ba yadda ta iya, Anti Ƙal-ƙal ta fito ta sa hannu a turi, shi yana leƙo kai yana cewa saura kaɗan. Da ta isa ɗakin gwaji an daɗe da farawa, kuma a gaban farar rigarta, wadda ta rataya a kafaɗa, akwai tambarin baƙin mai kamar tafin hannu. Wani daga baya ya ce a duba ko duniya ce za ta tashi.

Abin mamaki na biyu, Gobe ta riga ta zuwa. Ranar ta maimaita gwaje-gwaje ce kafin jarrabawa, yarinyar ta karɓi kaya daga taga ta fara abinta. Tana ganin Anti ta daka tsalle.

"Anti, zo ki gani! Talatin da tara! Na sake, arba'in! Na'ura kuma ƙasa da bakwai kaɗan. Yau ruwan ya shiryu."

Anti ta ajiye jaka. Ta ɗaga bututun ta duba a hasken taga, ta kai shi hanci.

"Kin wanke shi?"

"Wanke me?"

"Bututun, 'yar nan. Da kofin."

"Ai Baba ya wanke. Na ɗauraye da tataccen ruwa kawai, yadda aka rubuta."

"To wannan amsa ba abin yarda ba ce. Ta yaya za a sami gaskiya a cikin ƙazanta? Kawo, mu yi shi yadda ya kamata, mu tabbatar."

Ta wuce kwatami, Gobe na biye da ita, karo na farko da wani ya tsaya kusa yana kallo. 'Yar kwalba ta fito, ƙamshin lemo ya tashi.

"Anti, mene ne wannan?"

"Sabulu mana. Da kin saba wanke-wanke da kin gane shi."

Suka dawo tebur, aka cika bututu, Anti ta sunkuya tana ƙirgawa a hankali. Ta wuce arba'in ruwan bai ko kusa zanen ƙasa ba. Ɗigon ƙanana ne, suna sauri, suna bin juna. Hamsin. Muryarta ta fara raguwa. A sittin da ɗaya ruwan ya kai zanen ƙasa.

Ta daɗe a sunkuye. Bututu ɗaya, ruwa ɗaya, tebur ɗaya, rana ɗaya. Abu ɗaya ne ya shiga tsakani, ga shi nan a aljihunta yana ƙamshi. Sai wata jimla ta taso mata, jimlar da ta yi shekaru tana karanta wa ɗalibai suna rubutawa, har takan fito a jarrabawarta kowace shekara. Ba ta san lokacin da ta faɗe ta a fili ba, da muryar aji, kalma-kalma:

"Sabulu yana raunana fatar ruwa, shi ya sa yake wanki. Kuma yana sama da bakwai a ma'aunin tsami. A ja layi a ƙarƙashi."

"Mun ja, Malama," in ji Gobe a hankali, sannan ta kifa kai a tebur kafaɗunta na rawa.

Anti ba ta yi dariya ba tukuna. Ta je taga ta roƙi Baba wani kofin, ta zuba ruwa a cikinsa yadda yake, ta zuba a nata wankakken, ta tsoma sanda a wannan, ta ɗauraye ta, ta tsoma a wancan. Na Baba ƙasa da bakwai kaɗan. Nata tara. Ta ɗauki kofunan biyu da 'yar kwalbar ta kai gaban Dakta da kanta, ta jera masa.

Dakta ya saurara har ƙarshe. Ya shinshina kwalbar. Ya juya ya fuskanci allo na ɗan lokaci, kamar akwai abin da yake karantawa, alhali allon a goge yake.

"Malama," in ji shi da ya juyo, idonsa da ruwa don dariyar da ya danne, "tun bara?"

"Tun ranar farko, Dakta."

"Awon kauri kuma ɗan sabulun bai isa ya canza shi ba, shi ya sa ya ruɗe mu. Ni har na rubuta a sayo sabuwar na'ura."

Wanda bai ga abin dariya ba shi ne Baba Mai Kwalabe. Ya fito daga bayan tagarsa, abin da ba a saba gani ba.

"Wato Malama, duk zuwan sassafen nan, wankina kike sakewa?"

"Baba, ka yi haƙuri. Ba sa ƙamshi ne."

"Ƙamshi! Ni da nake kwana ina korar ƙamshi daga kwalaben nan? Ina ta yabonki a gaban yara, ashe kishiyar sana'a na samu."

Sai da ta bi shi har taga tana ba da baki kafin ya sauko, ya ce to, bututun da ta shafa wa lemo sai ya jiƙa su daban.

Dakta ya gaya mata gaskiya: makin da ya zube ya zube, ba zai iya taɓa shi ba. Amma jarrabawar ƙarshe ita ke da kaso mafi girma. In ta yi kyau sosai, za ta haye. Kowa shi kaɗai zai yi, ba Gobe, ba kowa.

Ranar jarrabawa ɗalibai suna miƙa wayoyinsu a taga. Da layi ya zo kanta, Baba bai karɓi wayar ba, ya dai miƙo tafin hannu yana kallonta. Ta ciro 'yar kwalbar ta ɗora masa. Bai janye hannun ba. Ta ciro tawul ta ƙara.

"Saura na aljihun riga."

"Baba, wannan sabulun hannu ne."

"Kawo."

A teburinta ta tarar da bututun ɗigo, da kofuna, da wata kwalba mai lamba wadda za ta gano halin ruwan cikinta. A bayan bututun, daidai wurin zanen sama, akwai shatin babban yatsan wani, ɓaro-ɓaro. Kofin kuwa ta kai shi hanci kafin ta tuna, ba ya ƙamshin komai, kamar ba a taɓa ƙaunarsa ba. Hannunta ya tafi aljihu da kansa ya tarar da wayam. Ta ji duk jikinta yana ƙaiƙayi. Shatin a waje yake, ta gaya wa kanta, ruwan a ciki zai bi. Ta ɗauraye hannuwanta da ruwa zalla, don ta san abin da ta wanke su da shi da safe. Ta ɗauraye bututun da tataccen ruwa, ta cika, ta kau da ido daga yatsan, ta sunkuya.

Ɗigon farko ya taru a bakin gilashi, ya kumbura, ya yi nauyi, ya ƙi faɗowa, har ta ji kamar ta taya shi. Bara da bana ba ta taɓa ganin ɗigo mai wannan girman a teburinta ba. Ya faɗo. Na biyu ya bi shi ba gaggawa. A arba'in ruwan ya taɓa zanen ƙasa. Ta sake, don ba ta yarda da alheri na farko ba, ya ba ta talatin da tara. Da ta tsoma sandar na'ura, lambar ta yi 'yar rawa ta tsaya ƙasa da bakwai. Sauran aikin lissafi ne, shi kuwa ba ta taɓa jin tsoronsa ba.

Tana fitowa Baba ya mayar mata da kayanta a cikin leda, a ɗaure, kamar wanda ya tsare makami.

Ba ta yi fice ba, makin zangon ya ja ta baya, amma ta haye, digirin kuma ya fito cikin wa'adi. Gobe ma ta haye, ta kawo rigarta a wanke mata ranar da aka daina bukatarta. A gida Injiniya ya yi ƙoƙarin cin riba: ya iso ƙofa ya wuce bokiti kai tsaye, yana sanar da yara cewa jami'a ta tabbatar sabulu yana ɓata aiki, kuma a tuna motar wa ta jawo wannan ilimi.

"A bututu aka ce, Injiniya. Kai bututu ne? Koma."

Ya koma.

Da ta dawo makaranta ta karɓi ajinta, abin da ta fara yi shi ne sawa a fitar da karyayyun kujerun nan daga ɗakin gwaji. Babu kayan gilashi tukuna, saboda haka darasin farko da sabon kwano ta zo, a ledarsa, da allura. Kwanon ya kwana a gidanta ba a wanke shi ba, yara suna zagaya shi suna mamaki. Ta ɗauraye shi a famfo da ruwa zalla, ta cika, ta kwantar da allurar a kan 'yar takarda mai laushi. Takardar ta jiƙe ta nitse, allurar ta zauna a saman ruwa. Ɗalibai suka taso suka kewaye tebur, ana ture juna.

"Wa zai gaya min abin da ya riƙe ta?"

"Fatar ruwa, Malama. Yana cikin littafi."

"Na san yana ciki. Ku matso ku gani."

Ta ciro 'yar kwalbar, ta ɗiga ɗigo ɗaya a gefen kwanon. Allurar ta yi tsalle gefe, ta nitse. Ajin ya kaure da ihu, ana a sake, a sake.

"Ba zai saku ba yau," in ji ta. "Kwanon ya riga ya ga sabulu."

Wata yarinya a gaba ta shaƙi iska ta ce, "Malama, amma fa da ƙamshi."

"Da ƙamshi kam," in ji Malama. Ta mayar da murfin kwalbar, ta ciro tawul ta goge ruwan da ya fantsama a tebur.